Yadda ake jin ra'ayin mutanen unguwa gida-gida kafin a tunkari ƙaramar hukuma

Duk wanda ya taɓa bin tawagar unguwa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ya san yadda zaman yake kasancewa. Dattijo ya miƙe ya ce jama'a suna cikin wahala, wani ya ce kwata ce matsalar, wani ya ce a'a, maƙabarta ce ta cika. Wanda aka je gani ya saurara, ya ce in Allah ya yarda za a duba, a shafa fatiha a watse. Ban ɗora masa laifin duka ba. Mutum biyar sun kawo masa buƙata biyar, kuma kowannensu yana cewa da yawun jama'a yake magana. Ranar da muka koma da takarda mai shafi biyu, wadda ta nuna gida nawa muka shiga, mata nawa da maza nawa suka amsa, da abin da suka sa a gaba, sai muka ga an gyara zama ana karantawa.

Abin da na koya daga wannan aiki shi nake so in shimfiɗa a nan, daki-daki, don matasan ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallaci da duk mai son a ji kukan unguwarsu. Kuma tun daga farko zan faɗi abin da ya fi damuna: maganar da ake yi a majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi ba ita ce maganar unguwa ba. Rabin mutanen unguwa suna cikin gida, su ne suke sayen ruwa, su ne suke kai yara asibiti, kuma da wuya a tambaye su. Binciken da bai wuce soro ba bai cika ba.

Ku fara sanin abin da ke hannun ƙaramar hukuma

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, ku zauna ku tantance wane aiki ne na wa. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, takwas daga cikin ƙananan hukumomin kuma su ne suka haɗu suka yi ƙwaryar birni: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Birnin ya cakuɗe har mutum zai iya tsallaka titi ya fita daga wata ƙaramar hukuma ya shiga wata bai sani ba. Don haka ku tabbatar da mazaɓarku da kansilanku. Katin zaɓe yana ɗauke da bayanin mazaɓar.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kula da maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da banɗakunan jama'a, gina ƙananan tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, kwashe shara, sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tana kuma da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. To amma a cikin birnin Kano abubuwa da yawa suna hannun hukumomin jiha. Kwashe manyan bola aikin REMASAB ne, tsara birni da izinin gini na KNUPDA ne, ruwan famfo da ke zuwa daga Tamburawa da Challawa na Hukumar Ruwa ta jiha ne, wutar lantarki kuwa ta kamfanin KEDCO ce. Wannan ba ya nufin kada a tambayi mutane kan ruwa ko wuta. A tambaya, amma a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa da amsar. Idan kuka kai wa ciyaman kukan taransifoma kaɗai, kun ba shi hanyar cewa ba huruminsa ba ne, kuma gaskiya ya faɗa.

Akwai dalilin da ya sa wannan aiki ya ƙara muhimmanci yanzu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su shugabance su, ba kantomomin riƙo ba. A Kano, hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a ranar 26 ga Oktoban 2024. Duk yadda aiwatar da hukuncin yake tafiya, akwai ciyaman da kansila da suke kan kujera da sunan jama'a, kuma haƙƙin jama'a ne su gaya musu abin da suke so a yi da kuɗinsu.

Tawaga, da neman izinin masu unguwa

Mutum takwas zuwa goma sun isa, rabi mata. Ba don ado na ce rabi mata ba. A yawancin gidajenmu namiji baƙo ba ya wuce soro, wasu gidajen ma an rubuta “ba shiga” a jikin ƙofa. Malamar Islamiyya, ungozoma, matan da suka taɓa aikin rigakafi gida-gida, waɗannan sun san kowane lungu, sun san gidan da ake da jego da gidan da ake zaman makoki. Ku nemi aƙalla mutum ɗaya da ya iya lissafi da kyau, ko malamin makaranta ko ɗalibin jami'a. Idan a unguwarku akwai waɗanda ba Hausa ce harshensu ba, kamar yadda yake a Sabon Gari da wasu sassan Birget, ku sa wanda zai iya yi musu tambaya da harshen da suka fi sakewa da shi.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: a ajiye siyasa a gida. A Kano launin hula ma magana ne. Mai yin tambaya kada ya sa hula ko riga ko baji mai alamar wata jam'iyya ko wani gidan siyasa, kuma wanda kowa ya san shi da kare wani ɗan siyasa a rediyo ya taimaka ta bayan fage. Da zarar an ce aikin na 'yan wane ne, rabin unguwa za su rufe baki, ragowar kuma su faɗi abin da suke zaton kuna son ji.

Daga nan sai gidan mai unguwa. Ku je da dattijo ɗaya ko biyu, ku kai masa takardar tambayoyin ya gani da idonsa. Abin da muka ce wa namu bai wuce haka ba: “Allah ya taimake ka, mun zo neman izini ne. Muna so mu shiga gidaje mu ji abin da ya fi damun mutane, mu haɗa mu kai wa hukuma, kuma kai za mu fara kawo wa sakamakon.” Shi ne zai sanar da dagaci, idan aikin ya shafi unguwanni da yawa kuma maganar ta kai ga hakimi. Ku roƙi limaman masallatan unguwa su yi sanarwa bayan sallar magariba ko isha, malaman Islamiyyar matan aure su ma su sanar. Kansila ma a gaya masa tun da wuri, don kada ya ji a bakin wani ya ɗauka tuggu ake ƙulla masa. A sanar da shi, amma kada a karɓi kuɗin fotokwafi daga hannunsa. Karo-karo a tsakaninku ya fi muku kwanciyar hankali.

Rubuta tambayoyin

A nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Tambaya goma zuwa goma sha biyu sun wadatar, yadda za a gama cikin minti goma. Matar da ta ɗora tukunya ba za ta ba ku rabin awa ba, mai shago ma haka. Duk tambayar da kuka rubuta, ku tambayi kanku me za ku yi da amsarta. Idan babu, ku soke ta.

A rubuta da Hausar da ake yi a unguwa. Kada a zauna a tsara da Turanci sannan a fassara, don nan ne ake samun jimlolin da ba wanda yake magana da su. Ku ce kwata, bola, tuƙa-tuƙa, 'yan garuwa, asibitin sha-ka-tafi, awo. Idan wanda ake tambaya ya ce “me kake nufi?”, tambayar ce ba ta yi ba.

Babban tarkon shi ne tambayar da ta riga ta ɗauko amsarta. “Ba ka ganin ƙaramar hukuma ta yi watsi da unguwar nan?” ba tambaya ba ce, zuga ce. Mu mutane ne masu kara. Idan baƙo ya shigo da ladabi ya nuna amsar da yake so, za a ba shi ita don kada a kunyata shi. Abin da ya dace shi ne a tambayi abin da ya faru da mutum, wanda zai iya tunawa ya ƙirga. Misali:

A makon da ya wuce, daga ina gidan nan ya fi samun ruwa? Famfo, rijiya, burtsatse, ko 'yan garuwa?

Jarka nawa kuke saye a rana, kuma nawa ake sayar muku da ɗaya?

A daminar da ta wuce, ruwa ya shiga gidan nan? Sau nawa?

Ina kuke zubar da shara?

Lokacin ƙarshe da wani a gidan nan ya je asibitin unguwa, an samu ma'aikaci? An samu magani?

Yara nawa ne a gidan nan da suka isa shiga firamare, nawa ne suke zuwa?

Irin waɗannan suna ba da adadi da ba a musu a kansa. Kada kuma a haɗa abu biyu a tambaya ɗaya. Idan kuka ce “kun gamsu da makaranta da asibiti?”, wanda ya gamsu da ɗaya bai gamsu da ɗaya ba ya rasa abin cewa.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi, ta fifiko. Idan kuka tambayi mutum ko yana son a gyara kwata zai ce e, makaranta e, fitilar titi e. Ba abin da kuka koya. A maimakon haka ku ce: “Da za a ce abu ɗaya tak ƙaramar hukuma za ta yi wa unguwar nan a bana, me za ki zaɓa?” Sannan ku tambayi na biyu. Gara a bar mutum ya faɗa da bakinsa, mai tambaya ya yi alama a jerin da ke takardarsa ba tare da ya karanto ba, domin abin da aka fara karantowa shi ya fi maƙalewa a kunne. A bar gurbi na “wani abu daban”. A wannan gurbin ne muka fara jin maganar karnuka da 'yan shaye-shaye da suke kwana a wani kango kusa da hanyar Islamiyyar dare, abin da babu ɗaya daga cikinmu maza da ya kawo a zaman tsara tambayoyin.

A ƙara tambaya ɗaya ko biyu kan alaƙa da hukuma: ko mutum ya san sunan kansilansa, ko ya taɓa kai kuka, wajen wa, kuma me ya biyo baya. A kuma tambayi abin da shi kansa zai iya bayarwa, kamar fitowa aikin gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli. Wannan amsar tana da amfani ƙwarai a gaban hukuma, don tana nuna ba roƙo kawai kuka zo yi ba.

Game da mai amsawa, abu huɗu sun isa: mace ko namiji, rukunin shekaru, layi ko lungun da yake, mai gida ne ko ɗan haya. Ba suna, ba lambar waya, ba lambar NIN, ba BVN, ba lambar asusun banki. An sha yaudarar mutane da sunan rajistar tallafi, suna da dalilin tsoro. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma hanya mafi sauƙi ta kiyaye ta ita ce kada ku karɓi abin da ba ku buƙata.

Kafin a buga da yawa, ku gwada takardar a kan mutum goma, har da tsohuwa da matashi da wanda bai yi boko ba. Mu a gwajinmu ne muka gane cewa kalmar “gida” tana rikita mutane: a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, wasu suna amsawa da sunan ginin duka, wasu da sunan iyalinsu. Muka mayar da ita “ku da kuke ci daga tukunya ɗaya”, magana ta zauna.

Gidaje nawa, kuma waɗanne

Ba sai an shiga kowane gida ba, amma zaɓen gidajen kada ya zama da son rai. Idan aka bar mai tambaya ya zaɓa, gidajen 'yan'uwa da abokai zai shiga, da waɗanda suke bakin titi, ya bar na can ƙarshen lungu inda ruwa yake kwanciya.

Ku zana taswirar unguwa a babbar takarda, layi-layi, lungu-lungu, ku zaga ku ƙirga ƙofofi. A ce kun samu gida 1,000 kuna son shiga 200. Ku raba, zai ba ku biyar, wato kowane gida na biyar. Ku rubuta 1 zuwa 5 a 'yan takardu, yaro ya ɗauki ɗaya. Idan 3 ta fito, ku fara daga gida na uku a layin, sai na takwas, sai na goma sha uku, haka har ƙarshe. Idan ba a samu kowa ba, a dawo wani lokaci, har sau biyu, kafin a koma gidan da ke kusa. A rubuta adadin waɗanda suka ƙi amsawa, don shi ma bayani ne.

Masana ƙididdiga suna da ma'auni a kan wannan. Idan an zaɓi mutane ba da son rai ba, amsar mutum 100 tana iya kauce wa gaskiyar ra'ayin jama'a da kusan kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, ta mutum kusan 400 kuma da kashi 5. Ga unguwa ɗaya, 150 zuwa 200 sun isa a yi magana da ƙarfin gwiwa. Ga mazaɓa guda, ku nufi 400. Abin lura shi ne, idan abu biyu suka zo kusa da juna, ɗaya kashi 32 ɗaya kashi 30, kada ku ce wannan ya fi wancan. Ku ce sun zo kunnen doki.

A cikin gidan ma sai an yi tsari. Idan kullum maigida ake tambaya, an koma gidan jiya. Ku riƙa juyawa: gidan farko magidanci, na biyu matar aure, na uku matashi ko budurwa da suka kai shekara 18, sannan a sake zagayowa. A gidan da mata suka fi ɗaya, ko gidan haya mai iyalai da yawa, a yi ƙuri'a a gabansu don kada wata ta ga an fifita wata. Ku kuma tuna da waɗanda ba sa cikin lissafin ƙofofi: malaman tsangaya da manyan almajiransu, masu shagunan da suke wuni a unguwar, makafi da guragu. A ware musu takardu na musamman.

Wasu za su ce me ya sa ba za a yi fom a Google Forms a tura ta WhatsApp a huta ba. Ana iya yi a matsayin ƙari, amma kada a gauraya amsoshinsa da na gida-gida. Masu babbar waya da data ne kaɗai za su cike, yawanci samari, mutum ɗaya yana iya cikewa sau biyar, kuma ɗan unguwar da ya koma Abuja shi ma zai cike. Inda waya take da amfani sosai shi ne a hannun masu tambayar kansu. Manhajar KoboToolbox tana aiki ko babu intanet, a cike a waya, a tura daga baya. Duk da haka, a inda ake fama da ƙwacen waya, ko caji yake wahala, takarda da biro sun fi aminci.

Lokaci da shiga gida

Lokacin shekara yana juya amsa. Ku yi tambaya a watan Agusta, ruwa yana sauka, kowa kwata zai ce. Ku yi a Afrilu, ana tsananin zafi rijiyoyi sun ja baya, kowa ruwan sha zai ce. Ba yadda za a kauce wa wannan gaba ɗaya, shi ya sa ake sa tambayoyin da suka waiwayi damina da rani duka, a kuma rubuta watan da aka yi aikin a jikin rahoto. Tunda a watannin ƙarshen shekara ake tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa, ya kamata sakamakonku ya isa sakatariya kafin Oktoba. Ku guji lokacin yaƙin neman zaɓe, da azumi, da makon sallah.

Mata an fi samun su da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora girkin rana. Maza kuwa, musamman 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari da masu adaidaita sahu, sai bayan la'asar ko bayan isha, ko ranar Lahadi. A fita bibbiyu, kada a wuce takarda goma zuwa goma sha biyu a rana ga kowane mutum, don gajiya tana sa a fara cike amsa da ka.

Kowa ya haddace gabatarwa iri ɗaya. Ta matanmu ita ce: “Salamu alaikum, sannunku da gida. Mama, mu 'yan unguwar nan ne, da sanin mai unguwa muka zo. Muna tambayar abin da ya fi damun mutane don a kai wa ƙaramar hukuma. Ba rabon tallafi ba ne, ba kuma za mu rubuta sunanki ba. In kin yarda minti goma ne, in ba ki da hali ba komai.” Jimlar tallafin nan kada a tsallake ta ko sau ɗaya. Rana ta biyu da fara aikinmu labari ya zaga cewa ana rubuta sunayen masu karɓar shinkafa, kafin azahar mata sun cika ƙofar gidan ɗaya daga cikin masu tambayarmu. Sai da liman ya sake sanarwa da magariba sannan ƙura ta lafa.

A nemi keɓewa gwargwadon hali. Amarya ba za ta saki baki a gaban uwar miji ba, saurayi ba zai yi maganar shaye-shaye a gaban mahaifinsa ba. Mai tambaya ya karanta tambaya yadda take, kada ya yi musu, kada ya gyara wa mutum amsa, kada ya yi alkawarin za a yi aiki. Idan aka faɗi magana mai nauyi, a rubuta ta da kalmomin mai ita. Wata dattijuwa ta kama hannun abokiyar aikinmu ta kai ta ɗakinta, ta nuna mata layin da ruwa ya bari a bango, ya kai gwiwa, da buhunan yashi da ta jera a bakin ƙofa tun daminar bara ba ta kwashe ba. Da izininta aka ɗauki hoton bangon, ba fuskarta, kuma wannan hoton shi muka sa a shafin farko na rahotonmu.

Kowace yamma a haɗu a duba takardun ranar. A sa wa kowace lamba, a ga inda aka bar gurbi, a gyara tun ana tunawa. Shugaban tawaga ya koma gida ɗaya cikin goma ya tabbatar an je da gaske.

Ƙirga da rubuta rahoto

Ƙirgar ba ta buƙatar kwamfuta, ko da yake Excel yana sauƙaƙawa. Babban littafi ya isa: kowace tambaya da shafinta, mutum ɗaya yana karantowa, ɗaya yana jan sanda, kowace ta biyar a gicciye. Wasu mutum biyu daban su sake ƙirgawa, in an samu saɓani a koma kan takardun. Kashi cikin ɗari kuwa, a raba masu amsar da jimillar waɗanda aka tambaya a ninka da 100. Mutum 86 cikin 200 kashi 43 ke nan. Kullum a rubuta duka biyun, adadin da kason.

Kada ku tsaya a jimilla. Ku ware amsar mata daban da ta maza, ta 'yan haya daban da ta masu gida, ta kowane layi daban. A nan ne ake ganin abin da majalisa ta ɓoye. A namu, maza sun fi karkata ga titi da fitila, mata kuwa ruwa da rashin ma'aikaciya a asibiti da daddare. Layukan da suke gangare kuma kusan bakinsu ɗaya a kan kwata, alhali na tudu ba su ambace ta ba sai jefi-jefi. Da jimilla kawai muka duba, da kukan mutanen gangare ya nutse.

Ku rubuta abin da kuka samu ko da bai yi muku daɗi ba. Idan kun fara aikin ne da niyyar neman kwalbati, sakamako ya nuna makaranta, to makaranta ce. Idan mutane sun yaba wani aiki da hukuma ta yi, ku sa shi a ciki; adalci ne, kuma yana sa a yarda da sauran.

Rahoton kada ya wuce shafi biyu, da Hausa, da kwafin Turanci don fayil ɗin ofis. Ya ƙunshi su wane ne ku, yaushe kuka yi aikin, gida nawa, ta yaya aka zaɓe su, nawa suka ƙi. Manyan buƙatu uku da adadinsu. Sai abin da kuke nema a fayyace. “A gyara magudanan ruwa” ba ya kama kowa. Ku auna kwatar da igiya ko tef, ku ce daga masallacin kaza zuwa bakin titi, mita kaza, a yashe a gina gefenta. Ku ƙara da abin da unguwa ta ɗauki nauyi, kamar ma'aikatan gayya da kula da wurin bayan an gama.

Mayar wa jama'a, sannan a kai wa hukuma

Masu amsa su ne suka fi kowa haƙƙin fara ji. A kai wa mai unguwa kamar yadda aka yi alkawari, sannan a kira taro a filin makarantar firamare ko harabar masallaci a karanta sakamakon da babbar murya. Mata a yi musu nasu zaman a Islamiyya, matan tawagar su karanta musu. A manna kwafi a inda jama'a suke wucewa. Za a samu mai cewa ba a shiga gidansa ba. A nuna masa taswirar da yadda aka yi ƙuri'a.

Tawagar da za ta je sakatariya kada ta wuce mutum shida, da wakilin mai unguwa, da mace aƙalla ɗaya wadda za ta yi magana da bakinta. A bi ta hannun kansila, shi ne wakilinku a majalisar ƙaramar hukuma, a nemi ganin ciyaman da shugaban sashen da abin ya shafa, na ayyuka ko na lafiya ko sakataren ilimi. A je da kwafi biyu na wasiƙa, a miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar ku dawo da ita. Abin da ya shafi jiha, a rubuta wa hukumar da ke da alhaki, a ba ɗan majalisar jiha na yankinku kwafi. Maganar asibiti a shigar da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da asibitocin matakin farko, ta makaranta kuma kwamitin iyaye da al'umma na makarantar.

Kafin a tashi daga zaman, cikin ladabi a nemi abu biyu: “Ranka ya daɗe, wa za mu riƙa tuntuɓa, kuma yaushe za mu dawo?” A rubuta amsar a gabansu. Gidajen rediyo irin su Freedom da Rahama da Arewa suna da tasiri sosai a Kano, amma ra'ayina a ba hukuma wata ɗaya ko biyu tukuna. Idan aka fara da rediyo, wanda ya kamata ya sa hannu yana jin an tozarta shi, sai ya taurare. Idan lokacin da aka ɗiba ya wuce shiru, sai a je da rahoton da wasiƙar mai hatimi, a karanta adadin kawai, ba zagi ba habaici.

Takardun da aka cike a ɗaure su a ajiye wajen sakataren ƙungiya, inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba, tare da taswirar da littafin ƙirga. Bayan shekara, a watan da aka yi na farko, a sake fita da tambayoyin nan ba tare da an canza kalma ba, a ɗauki wata lambar ƙuri'ar don a shiga wasu gidajen, sannan a jera sakamakon biyu gefe da gefe a shafi ɗaya a koma da shi sakatariya.